Yadda muke ƙidayar baiko ba rigima

Shekara shida ina ma'aji a majami'armu nan Maraɗi. Sai da jika biyar ta yi ɓatan dabo tsakanin kwandon baiko (kuɗin da ake bayarwa a sujada) da kayen lissafi na yi hankali. Ban ci ba, amma wa zai shaide ni? Ni kaɗai na ƙidaya.

To, kada mutum ɗaya ya ƙidaya. Da an tashi sujada ranar Lahadi, mutum uku su zauna: ma'aji, dattijo guda, da wata daga zumuntar mata. A zube kuɗin bisa tebur, takardu gefe, ƴan canji gefe. Ƴan canjin ke cin lokaci, balle cikin zafin Afrilu. Zakka daban, baikon gini daban, kada a ranci wannan a toshe wancan. A rubuta jimla da bik, ba fensir ba, duka ukun su sa hannu. Manzo Bulus ma bai riƙe gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba, ya haɗa da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 8 ta nuna.

Ƙarshen wata a karanta lissafi gaban kowa, amma ban da sunan mai bayarwa. Mai shago a babbar kasuwa da gwauruwa mai dala goma, bencinsu ɗaya.

In wani ya yi zargi, kada maganar ta kai WhatsApp. Ka same shi ku biyu da kayen a hannu, yadda Matiyu 18 ta tsara. In bai gamsu ba, ka ƙara mutum ɗaya ko biyu, a sake buga lissafin gabansa.