Kana Son Zama Injiniyan Ƙirar Mota? Fara Da Matakin Birki

Ƙanena, fara raba hanyoyi biyu da yaranmu ke cakuɗawa. Akwai mai zana siffar mota, irin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya kammala College for Creative Studies a Ditiroyit a 1994, ya kuma zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Akwai kuma injiniyan ƙira, wanda ke lissafa kaurin ƙarfe da nauyin da zai ɗauka kafin ya karye. A kan na biyun nake magana.

Karatun bai da wani ɓoye-ɓoye: ka riƙe lissafi da fiziks tun sakandare, ka karanta injiniyancin kanikanci ko na jiragen sama. Adrian Newey, injiniyan da motocin da ya ƙera suka ci gasar tseren motoci ta Formula 1 wa ƙungiyoyin Williams da McLaren da Red Bull, na jiragen sama ya karanta a Jami'ar Southampton, ya gama a 1980.

Amma takarda kaɗai ba ta sa a ɗauke ka. Abin da nake gaya wa kowane ɗalibi shi ne ya zaɓi kaya guda ɗaya ya ƙera shi daga farko har ƙarshe, kuma na fi son matakin birki, wato ƙarfen da direba ke takawa don tsayar da mota. Dokar gasar Formula Student, wadda ɗaliban jami'o'i ke yi da motocin tseren da suka ƙera a filin Silverstone na Ingila, ta ce dole matakin ya jure niyuton 2,000, wato kusan nauyin kilo 200. To, ɗauki wannan adadi. Je gareji ka roƙi tsohon mataki, ka auna tsawonsa daga inda ƙafa ke taka shi zuwa fil ɗin da yake juyawa a kai. Lissafa da biro inda zai fi shan wahala. Sai bayan nan ka buɗe kwamfuta ka zana shi. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce, ta ishe ka kafin ka kai ga CATIA ko NX da manyan kamfanoni ke amfani da su.

Yanzu ka fara rage nama. Huda rami nan, rage kauri can, kana sake lissafi kowane karo, domin a motar tsere giram ɗaya ma ana ja-in-ja a kansa. Kai zanen wurin mai walda ko mai sassaƙa ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna. Idan ya juya takardar ya ce, "Yaro, ta ina bakin injina zai shiga nan?", kada ka ji haushi. Wallahi darasin nan ya fi na aji tsada. Gyara, a ƙera, ka ɗaure shi ka loda masa buhunan siminti huɗu. Ko ya lanƙwashe ko ya tsaya, ɗauki hoto, ka rubuta dalili.

Wannan fayil ɗin, da lissafi da zane da hoton gwaji, shi za ka kai lokacin neman gurbin SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa yi a masana'antu. Idan kuwa tseren ne ya shiga ranka, ka sani yawancin ƙungiyoyin Formula 1 a Ingila suke, kuma jami'o'in Cranfield da Oxford Brookes na ba da digiri na biyu a fannin. Kuɗin makarantar da nauyi, don haka fara neman tallafin karatu tun kana aji uku a jami'a.