Yadda ake kaye da ƙugu da kuma kaye da riƙon wuya

Kaye da ƙugu yana cikin dabarun farko da ake koya wa ɗan judo, wato wasan kokawa na Japanawa, kuma duk wanda ya saba kallon kokawar gargajiya bayan kaka ya san kamanninsa, inda ɗan kokawa yake juya baya ya ɗauki abokin karawarsa a ƙugu ya kai shi ƙasa. A makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, an tsara manyan dabarun kaye guda 40 a jerin da aka sabunta a 1920, kuma biyu daga cikinsu ne za mu bi a nan: o-goshi, wanda ake rungumar ƙugu, da koshi-guruma, wanda hannu yake zagaya wuya. Matasa da yawa a Samaru da Tudun Wada sun fi sha'awar na biyun saboda yana da ban sha'awa a ido, amma a ganina bai dace a fara da shi ba, domin ƙarfin kayen duka biyu daga ƙafafu da ƙugu yake fitowa, kuma wanda bai gane haka ba zai riƙa murɗe wuyan ɗan'uwansa yana zaton dabara yake yi.

Kafin komai sai an tanadi wurin faɗuwa. Idan babu katifun judo, a nemi yashi mai laushi mai kauri a tsince duwatsun da ke ciki, musamman a lokacin hunturu da ƙasar Zariya take bushewa ta yi tauri. Sannan wanda za a kayar ya koyi faɗuwa, abin da ake kira ukemi: ya manne haɓarsa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya faɗi a gefen jikinsa, ya doki ƙasa da ilahirin hannunsa a miƙe. Kada ya kuskura ya tokare ƙasa da tafin hannu, domin ta nan ake samun karaya a wuyan hannu ko gocewar gwiwar hannu.

Ga mai amfani da hannun dama, riƙon o-goshi yana farawa ne da hannun hagu, wanda zai kama hannun rigar abokin na dama daidai gwiwar hannu. Idan babu riga, kamar a kokawa, sai a kama damtsen a matse shi. Daga nan sai ka ja shi gaba da ɗan sama har nauyinsa ya koma kan yatsun ƙafarsa, dugadugansa su ɗaga. Wannan mataki, da Japanawa suke kira kuzushi, shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, alhali mutumin da yake tsaye daram a kan dugadugansa ba ya ɗaukuwa sai da ƙarfin tsiya.

Yana cikin wannan rinjaye sai ka sa ƙafarka ta dama gaban tasa ta dama, ka juya a kan yatsu, ka jawo ta hagu baya har ku fuskanci wuri ɗaya, ƙafafunka biyu suna tsakanin nasa. A daidai lokacin hannunka na dama zai bi ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu ya rungumi bayansa wajen ɗamara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lanƙwasa gwiwoyi. Dole ƙugunka ya sauka ƙasa da ɗamararsa, ya ɗan fita ta gefensa na dama, kuma bayanka ya manne da ƙirjinsa ba tare da tazara ba. Wanda ya shiga da gwiwoyi a miƙe zai sunkuyar da gadon baya don ya cike giɓin, kuma daga nan ciwon baya yake somawa. Idan an shiga daidai, miƙe gwiwoyi kawai ya isa ya raba ƙafafun abokin da ƙasa, kamar yadda ɗan dako yake ɗaga buhun masara da cinyoyinsa. Sai ka juya kai da kafaɗu zuwa hagu, ka ci gaba da jan hannunsa, ya zagayo ta kan ƙugunka ya faɗi gabanka. Kada ka saki hannun nan bayan ya faɗi, domin riƙon shi ne yake rage masa ƙarfin buguwa.

Sai wannan ya zauna a jiki sannan a koma ga koshi-guruma. Takun ƙafa da jan hannu duk ɗaya ne, bambancin shi ne hannun dama yana bi ta saman kafaɗarsa ya zagaya bayan wuya, ƙugu kuma yana shiga fiye da na farko har ya gitta gabansa sosai. Aikin wannan hannu shi ne haɗa saman jikinsa da naka domin ku juya tare. Ba a shaƙe maƙogwaro, ba a fizgar kai, kuma ba a barin hannun rigarsa a koma riƙe kai da hannu biyu, domin idan aka ware kai shi kaɗai, nauyin mutum biyu yana iya sauka a kan ƙashin wuya. Saboda wannan haɗari ne dokokin kokawar Olamfik suka haramta kama kai da hannu biyu ba tare da an haɗa da hannun abokin karawa ba. Haka kuma mai koyo ya kayar yana tsaye, kada ya bi abokinsa ƙasa ya faɗa masa a haƙarƙari.

Riƙon wuya yana da wata illa ga mai kayen kansa. Idan ka shiga ba tare da ka rinjayi abokin gaba ba, zai lanƙwasa gwiwa, ya zare kansa, ya rungume ka ta baya ya ɗaga, sai kayen ya koma kanka. Maganin wannan shi ne gwiwar hannunka ta dama ta kalli ƙasa, hammatarka ta manne da kafaɗarsa, kuma idan ka ji ya tsaya da ƙarfi ka fita nan take maimakon ka tsaya ja-in-ja.

Wajen atisaye, a riƙa maimaita shiga da fita ba tare da kaye ba, wato uchikomi, sau goma-goma ana musanyawa, da abokin da nauyinsa ya yi kusa da naka, a gaban mai horarwa da ya san aikin. Bayan an ƙware a ɓangaren dama, a koyi na hagu. Duk wanda ya ji zafi a wuya, ko jiri, ko hannunsa ya yi sanyi bayan faɗuwa, ya dakata a ranar, kuma a kai shi asibiti a duba shi kafin ya sake komawa fili.