Yadda ake gano ajin 'yan kulob ɗin ninƙaya na Ingila a ƙarni na 19 (masu hali ne ko ma'aikata)

Fara da littafin taron kulob ɗin, ka duba kuɗin da kowane ɗan kulob ke biya a shekara, ka kwatanta da albashin mako na lebura a garin. Sannan ka gano tafkin da suke haya. Bayan dokar 1878 da ta ba hukumomin gari damar gina tafkuna masu rufi, wurare da yawa suna da tafkin aji na ɗaya da na biyu, kuɗinsu daban.

Ɗauki sunayen 'yan kwamiti ka nemo sana'arsu a ƙidayar jama'a ta 1881. Nan ake yawan kuskure, don suna ɗaya kan zo wa mutum da yawa. Sai adireshi ya dace kafin ka yarda.

Karanta dokar kulob ɗin kan kyautar gasa da kyau. Kulob ɗin da ya haramta karɓar kuɗi a gasa yana rufe ƙofa ne ga ma'aikacin da ke buƙatar kuɗin.