Darasi na 9: Ƙwan da ke Tafiya da Kansa

Wanda ya taɓa zuwa kallon hawan salla ya san ƙarar 'yan bindiga, ya kuma san warin albarushi. A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, shekaru sama da 1000 da suka wuce. Mu mun san shi da fashewa, amma yana da wani aikin. Yana turawa.

Ku gwada wannan a aji. Kowa ya hura balan-balan, ya sake ta ba tare da ya ɗaure baki ba. Iska ta fita ta baya, balan-balan ta yi gaba. Haka roka take. Ana cusa albarushi a bututu, a toshe kai, a bar gindi a buɗe. Da an kunna, hayaƙi mai zafi zai fita ta gindin, bututun ya cilla gaba.

To, jiragen ruwan da can na katako ne, filafilansu na zane, ga kwalta an shafe su da ita. Ba abin da matuƙi ke tsoro kamar wuta. Shi ya sa mayaƙan teku suka ƙwallafa rai a kan roka.

A ƙarni na 13 an yi wani masani a ƙasar Sham, sunansa Hasan al-Rammah. Ya rubuta littafi a kan dabarun yaƙi, ya zana wani makami a ciki, ya kira shi ƙwan da ke tafiya da kansa yana ƙuna. Faranti biyu ne na ƙarfe aka kifa ɗaya kan ɗaya, aka cika cikinsu da abin kama wuta. Roka ce ke tura shi bisa ruwa, ga sanduna a baya don kada ya karkace. Ba mai tuƙi, ba mai filafili. Yau makamin da ke bin ruwa ya fasa jirgi “tofido” ake ce masa, amma a ganina wancan suna ya fi daɗin ji.

Can a Indiya, sojojin Tipu Sultan, sarkin Maisur, sun yi wa Ingilishi ruwan rokoki masu bututun ƙarfe. Bayan an kashe shi a 1799, Ingilishi suka kwashi rokokin zuwa gida. Wani Baturen Ingila, William Congreve, ya ƙera nasa, aka harba su daga jiragen ruwa kan garin Bulon na Faransa a 1806. Gari babba ne, ko ina ta faɗa ta samu. Jirgi kuwa yana motsi, igiyar ruwa na kaɗa mai harbi, roka ba ta jin saiti. Kun dai ga inda balan-balan ɗinku ta nufa.

Sai a 1866 wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya ƙera tofido mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, kuma matsattsiyar iska ce ke tura shi, ba albarushi ba.

Aikin gida: ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: albarushi, bututu, hayaƙi, ƙwai, ƙarfe. Ku kula da lanƙwasar ƙ. Sannan kowa ya rubuta jimla biyu a kan abin da ya sa roka ke tafiya gaba.