In ana zaginka a gurup ɗin aji na WhatsApp, ga abin yi

Na farko dai ƙanena kar ka rama, ko da ranka ya ɓaci, ramuwar nan suke jira su tura ma wasu.

Sai ka ɗauki hoton saƙonnin a wayarka tun kafin su goge, lambar mai zagin da ranar su fito, in muryarsa ya turo ita ma ka adana ta. Bayan nan ka toshe shi a WhatsApp.

Kar ka riƙe abin a ciki wallahi, kunya na iya sa yaro ya daina zuwa lakwal. Nuna ma baba ko mushe, wato malaminku.

In hotonka suka yaɗa ko barazana ce, ku je komisariya da babba, dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet tana hukunta wannan.