Darasi na Tara: Wa Ya Gwada Allurar Nan Kafin Ta Iso Garinmu?

Manomi ba ya karɓar sabon irin gero ya zuba shi a gonarsa baki ɗaya. Yakan ware 'yan kunyoyi a gefe ya shuka sabon, ya bar sauran gonar da irin da ya gada. Ruwan da ya sauka a nan shi ya sauka a can, taki ɗaya, noma ɗaya. In kaka ta yi sai ya ƙirga dammuna. Ranar nan ce zai san ko sabon irin ya fi, ko kuwa bakin mai talla ne kawai ya yi zaƙi a kasuwa.

Haka masu bincike suke yi wa allurar rigakafi. A wannan darasi za mu bi sawun allura guda ɗaya, ta sanƙarau, mu ga yadda aka ƙirga nata dammunan.

Kafin a fara karatu, malami ya rubuta waɗannan a allo, a faɗe su tare sau uku: rigakafi, sanƙarau, bincike, gwaji, ƙuri'a, kati. A lura da ƙugiyar harafin ƙ a cikin sanƙarau da ƙuri'a. Wanda ya yar da ita ya sauya magana, kamar yadda kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne.

Bazarar 1996

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1996 a arewacin Najeriya ko Nijar ba sai an ba shi labari ba. Yaro zai kwana lafiya, da safe ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, ya ƙi kallon haske. Wani kafin washegari an yi masa sutura. Wanda ya tashi kuma, sau da yawa yakan tashi da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. A wannan annoba mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai waɗanda suka kamu sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 11,000.

Ƙwayar cutar tana zama a maƙoshi. Mutum na iya ɗauke da ita yana harkokinsa lafiya lau, yana raba wa wasu ta hanyar tari da atishawa. Ƙurar hunturu da zafin bazara sukan busar da hanci da maƙoshi, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa annobar ke lafawa da zarar damina ta kankama. Ƙwayar iri-iri ce, kuma masana sun raɗa musu suna da haruffa: A, C, W, X, Y da sauransu. Ta 1996 iri na A ce.

Akwai allura a lokacin, amma tana da rauni. Kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, ba ta kama jikin yaran da ba su kai shekara 2 ba sosai, kuma ba ta fitar da ƙwayar daga maƙoshi. Sai annoba ta ɓarke ake rugawa da ita, kamar masu haƙa rijiya bayan gobara ta kama danga.

Daga 'yan kunyoyi zuwa gona

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka haɗa kai don samar da sabuwar allura. Jami'an lafiya na Afirka suka ce musu in ta yi tsada ba za ta amfane mu ba. Wani kamfani na ƙasar Indiya, Serum Institute, ya yarda zai yi ta a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowane mutum. Aka sa mata suna MenAfriVac.

Ba a fara da yara ba. A 2005 aka fara gwada ta a Indiya a jikin manya masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba su kai 100 ba. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne a ga ko tana cutarwa.

Da aka ga babu matsala sai aka koma Mali da Gambiya, aka ɗauki yara 601 masu shekara 1 zuwa ƙasa da 2. A nan ne ya kamata ku kasa kunne. An raba yaran kashi uku ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu sabuwar allura, wasu tsohuwar, wasu kuma wata allurar rigakafi ta daban. Me ya kawo ƙuri'a? Da an bar likita ya zaɓa da kansa, zai iya tura ƙosassun yara wajen sabuwar allura ko da bai yi niyya ba, kamar manomin da ya shuka sabon iri a fadama, tsohon kuma a kan tudu, sannan ya ce sabon ya fi. Masu duba yaran ma ba a gaya musu wace allura aka yi wa wane ba, don kada son rai ya shiga cikin lissafi. Da aka auna jinin yaran, garkuwar da sabuwar allura ta haifar ta ninka ta tsohuwar fiye da sau 10. Daga nan aka faɗaɗa gwajin zuwa Senegal da Ghana da sauran wurare, ana ƙara yawan mutane, ana rubuta duk wanda ya yi zazzaɓi ko kumburi.

Sai a watan Disamba na 2010 aka buɗe ta ga jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Najeriya ta fara a 2011. Ku lissafa da kanku: daga 2001 zuwa 2010 shekara nawa ke nan?

Abin da aka ƙirga a Cadi

Gwajin jini abu ne na ɗakin bincike. Talaka abin da yake son ji shi ne, shin mutane sun daina kwantawa? Amsar ta fito fili a ƙasar Cadi. A ƙarshen 2011 aka yi wa mutum kimanin miliyan 1.8 allurar a Njamena da yankunan da ke kusa da ita. Sauran sassan ƙasar nasu layin bai zo ba tukuna. Sai bazarar 2012 ta zo da annoba.

A inda ba a yi allurar ba, cikin kowane mutum 100,000 kusan 44 ne suka kamu. A inda aka yi, tsakanin 2 da 3 ne. Ƙasa ɗaya, bazara ɗaya, ƙura ɗaya.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun bi wani yankin karkara suna goge maƙoshin mutane da auduga don su ga masu ɗauke da ƙwayar a ɓoye. Kafin allura, cikin mutum 4,278 sun sami 32. Bayan allura, cikin mutum 5,001 sun sami mutum 1 tak. A ganina wannan lissafi na biyu ya ma fi na farko daɗin ji, domin yana nufin jaririn da bai isa allura ba da tsohuwar da ta wuce shekarun yi su ma sun sami inuwa, tunda babu mai kawo musu ƙwayar gida. Tun daga 2017 ba a sake tabbatar da sanƙarau iri na A a ƙasashen Afirka da aka yi wannan allura ba.

Abin da ya faru a Kano

Na san a cikin ajin nan akwai wanda yake cewa a ransa, "To na Kano fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu tsallake ta ba.

A tsakiyar annobar 1996, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Trovan maganin warkar da mara lafiya ne, ba allurar rigakafi ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, mutane da yawa sun tuna 1996. Aka dakatar da ɗigon a Kano har watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo wanda aka yi a Indonesiya. Kafin a shawo kan lamarin cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan su suka biya kuɗin amanar da aka ɓata.

Saboda haka ku riƙe wannan. Gwaji daban, rigakafin da aka riga aka amince da shi daban. Wanda ake yi a asibitin sha-ka-tafi ranar awo ya wuce gwaji, kuma a Najeriya sai hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta yi masa rajista. In kuwa aka ce za a sa ɗanka cikin bincike, haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, a karanta maka takardar kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Kana iya cewa a'a, kuma ƙin da ka yi ba zai hana a duba ɗanka ba. Wannan na cikin amfanin karatun da kuke yi: takarda ta daina zama baƙar magana a gabanku.

Bayan an yi allura

Mutum biyu su tashi su karanta wannan, ɗaya uwa, ɗaya ma'aikaciyar asibiti.

"Malama, ina kwana? Jiya aka yi wa yaron nan allura, ga shi jikinsa da ɗumi, cinyar ma ta ɗan tasa."

"Lafiya lau, Maman yara. Yana kama nono?"

"Yana sha, sai dai rigima."

"To ki kwantar da hankalinki. Jikinsa ne ke koyon faɗa da cutar. Kwana ɗaya ko biyu zai wuce. Ki ci gaba da ba shi nono, kada ki gasa wurin, kada ki shafa masa komai. Amma in kin ga jijjiga, ko numfashi na yi masa wuya, ko fuska ta kumbura, ko ya ƙi nono sam, ki kawo shi nan take ko da tsakar dare ne."

"In na kawo shi me za ku yi?"

"Za mu duba shi, mu kuma cike takarda da sunan allurar da lambar kwalbarta mu aika sama."

Wannan takarda da ta ambata ita ce ci gaban bincike. Matsalar da ke samun mutum 1 cikin miliyan ba za ta bayyana a gwajin yara 601 ba, sai an yi wa jama'a da yawa. Allura takan jawo wa wani borin jini mai tsanani, amma da wuya ƙwarai, kuma yakan zo ne cikin mintocin farko. Dalilin da ya sa ake cewa ku ɗan zauna kafin ku tafi ke nan.

Ga wani abu da ke rikita mutane. A ce an yi wa yara 1,000 allura a watan Agusta. A makon nan wasu za su kwanta da zazzaɓin sauro, ko an yi musu allura ko ba a yi ba. Uwar da nata ya kwanta dole ta zargi allurar, kuma ba laifinta ba ne. Aikin masu bincike shi ne su duba ko yaran da aka yi wa sun fi waɗanda ba a yi wa ba kwanciya. In lissafin ya zo ɗaya, a nemi sauro.

Ba a gama da sanƙarau ba

MenAfriVac iri na A kaɗai take tarewa. A 2015 iri na C ya afka wa Nijar, ya kama mutum fiye da 8,000. A 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, ya kashe sama da 1,100, abin ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Wasu suka ce ashe allurar banza ce. Ba banza ba ce, ɓarawon ne ya sauya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar: A, C, W, Y da X.

Don haka ko ɗanka yana da kati cike, in ka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a nufi asibiti a ranar. Sanƙarau ba ya jiran a ga yadda zai kwana.

Aikin aji da na gida

Wani gari yana da mutum 200,000. In mutum 44 ke kamuwa cikin kowane 100,000, mutum nawa za su kamu a garin? In kuma 3 ne ke kamuwa cikin 100,000, nawa ke nan? Ku ɗebe ƙaramar amsa daga babbar.

Ku rubuta wannan jimla a littafinku sau biyu, ku cike gurbin: An raba yaran kashi uku ta hanyar ______ don kada son rai ya shiga.

Ku tattauna uku-uku: in baƙi suka zo ƙofar mai unguwa suka ce za su yi bincike a kan yara, waɗanne tambayoyi za ku yi musu kafin ku amsa?

Gobe kowa ya zo da katin rigakafin yaro ɗaya na gidansa. Za mu nemo layin wata 9, inda ake rubuta ƙyanda da shawara da sanƙarau, mu karanta kwanan watan da ke gabansa. Wanda katinsa ya ɓata ko gara ta ci ya zo haka nan, za mu rubuta tare abin da zai faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar awo.