Ga wanda karatu ya kawo Boulder ta Amurka, ɗakin gwajin molekul masu sanyi

Ƙanena, tunda ka samu gurbi a JILA, cibiyar binciken kimiyyar fiziks da ke Jami'ar Colorado, fara kula da jikinka kafin littafi. Boulder na kan tudu, fiye da mita 1,600 sama da teku, don haka a makon farko hawa bene ma sai ka yi haki. Iskar a bushe take kamar ta hunturu, wasu har haɓo suke yi. Ka yawaita shan ruwa, ka ajiye man shafawa. Haya a cikin gari akwai tsada, shi ya sa wasu ke zama a Longmont ko Lafayette suna shigowa a bas. Akwai masallaci a garin. Tun ranar farko ka gaya wa malaminka lokacin Juma'a.

To, ɗakin gwaji. A nan ne a 2008 rukunin Deborah Jin da Jun Ye suka haɗa atam na sinadaran fotasiyam da rubidiyam suka samu molekul, wato atam biyu a haɗe, a matakin ƙarfinsa mafi ƙasa, cikin sanyin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da sifilin Kelbin ba, wato iyakar sanyi. Molekul ɗin gefe biyu gare shi ta fuskar lantarki, shi ya sa yake jin ɗan'uwansa daga nesa. Amma idan biyu suka gamu, sai su yi musayar atam su salwanta. Maganin haka shi ne ragar haske: hasken leza da aka haɗa ya zama kamar kiret ɗin ƙwai, kowane molekul da raminsa. Sannan a aika musu igiyar maikurowef, dangin ta rediyo, wajen gigahaz 2.2 a ga yadda juyinsu ke amsawa. Da haka aka ga a 2013 suna musayar juyi ba tare da sun taɓa juna ba.

Lezar ragar, mai tsawon zango nanomita 1064, ido ba ya ganinta, amma tana ƙona shi. Tabaran kariya dole ne. Cire agogo da zobe, har na azurfar da ka zo da shi daga gida, domin ƙarfe na karkatar da haske.

Abin da ya fi ba mu wahala mu mutanen gida kuwa kunya ce. Teburin cike yake da madubai, kowanne an saita shi da ƙyar. Wata rana hannun rigarka zai goge ɗaya. Ni na taɓa yin shiru, abokan aikina suka kwana biyu suna neman inda hasken ya kauce. Ka faɗa nan take, ka nuna wane madubi ne, minti goma an gyara. Haka in ba ka gane bayani ba, kar ka gyaɗa kai don ladabi. A nan za a ɗauka ka gane, a bar maka na'urar kai kaɗai da dare.

Malaminka zai ce ka kira shi da sunansa kai tsaye. Sai da na yi wata uku kafin bakina ya iya.